Ƙwallaye Huɗu Da Bijimai Biyu

Wannan makon labarin majalisarmu muka kawo muku, kuma gara mu faɗa tun daga farko, ba mu ne gwarazan labarin ba. Mun daɗe muna ɗaukar alƙalami muna ajiyewa, domin labarin da mutum yake da laifi a cikinsa ya fi kowanne nauyin rubutawa.

Mu bakwai ne muka tashi tare a Darki, a ƙaramar hukumar Wudil. A cikinmu akwai tela, akwai malamin firamare, akwai mai cajin waya, sauran kuma noma da 'yar kasuwa. Ƙwallon ƙafa ce ta haɗa mu, ita ce kuma ke raba mu duk ƙarshen mako, don kowa da kulob ɗinsa na Turai. Gidan kallonmu rumfar langa-langa ce mai bencina, da talabijin biyu, da janareto mai tari kamar tsohon mashayin taba. Idan Najeriya ce za ta buga kuwa, babu ɗan Arsenal babu ɗan Madrid, duk uwa ɗaya uba ɗaya muke komawa.

Ranar Juma'a, 22 ga Yunin 2018, mako guda bayan ƙaramar salla, masu zuwa cin kasuwar Wudil da wuri suka dawo. Ana idar da sallar la'asar muka cika rumfa. Najeriya ce da Aislan a birnin Volgograd na Rasha, a gasar cin kofin duniya. Kuroshiya ta riga ta ba mu biyu da nema a wasan farko, saboda haka kowa zuciyarsa a wuya take. Aka tafi hutun rabin lokaci babu ci, har wasu suka fara cewa ƙasar da mutanenta ba su kai dubu 400 ba ita ce za ta tattaro mana kayanmu. Da aka dawo, a minti na 49, Victor Moses ya ja ƙwallo ta gefen dama ya bugo, Ahmed Musa ya miƙa ƙafa ya tare ta tun tana sama, ta dira sau ɗaya, ya ɗirka ta a raga. A minti na 75 aka jefo masa doguwa ta gefen hagu, ya bar mai tsaron baya da ƙura, ya kewaye gola, ya ɗan tsaya kamar mai zaɓen tumatir a kwando, sannan ya buga. Benci biyu ne suka karye a rumfarmu ran nan, kuma mai gidan kallo bai ce kowa ya biya ba.

Ba wannan ne karo na farko da ya yi mana haka ba. Ranar 25 ga Yunin 2014, a Porto Alegre ta Birazil, Messi ya ci mu a minti na 3, Musa ya rama a minti na 4. Messi ya ƙara dab da tafiya hutu, Musa ya sake ramawa a minti na 47. Ajantina ce ta yi nasara da ci 3 da 2, amma mu ba mu fita a matsayin waɗanda aka ci ba. Wanda bai ga wancan lokacin ba ba zai gane abin da ƙwallayen nan suka yi mana ba. Kwana takwas kafin nan bam ya tashi a wani gidan kallo a Damaturu. A ranar wasan kanta wani ya tashi a Abuja. Iyayenmu mata sun roƙe mu kada mu je, muka je a sace, kowa idonsa ɗaya a talabijin ɗaya a bakin ƙofa. A irin wannan hali ne wani yaro mai suna irin namu, wanda ya taɓa sanya rigar Kano Pillars, ya tsaya ƙafa da ƙafa da Messi duniya tana kallo.

Ƙwallaye huɗu ke nan. Mun haddace su kamar karatun allo. Idan ka tashi ɗayanmu daga barci zai faɗa maka mintin kowacce da ƙafar da aka buga ta. Muka ɗauka tunda mun san waɗannan huɗun, to mun san Ahmed Musa. Ashe hangen Dala muke yi, ba mu shiga birni ba.

Akwai wani yaro, ƙanin ɗaya daga cikinmu, wanda hakan ya sa ya zama ƙaninmu gaba ɗaya. Auta za mu kira shi a nan, don shi ne autan ɗakinsu. A 2018 shekarunsa 16. Siriri ne, ba shi da tsawo, amma idan ya ɗauki ƙwallo ta gefe a filin makarantar firamare sai dai ka ga ƙura. Mu ne muka fara kiran sa Musa. Duk yammacin da aka tashi wasa sai mu kewaye shi muna cewa, “Kai ba ɗan Darki ba ne, Turai ce ta yi ɓatan kai ta ajiye ka a nan.” Yana jin kunya, yana sunkuyar da kai, amma maganar tana shiga. Yaro ɗan shekara 16 idan yayyensa bakwai suka haɗa baki a kan magana ɗaya, wa zai ƙaryata?

Bayan an cire amfanin gona a shekarar, sai ga wani mutum ya zo kallon wasan unguwanni. Mota mai kyau, agogo mai walƙiya, waya cike da hotunansa tare da Turawa a filayen wasa. Ya ce shi dillalin 'yan wasa ne, yana zagaya garuruwa yana neman yara masu baiwa. Bayan wasa ya kira Auta gefe. Kwana uku a tsakani ya dawo da takarda mai tambari, da Turanci, wai gayyata ce zuwa gwaji a wani kulob na Turai. Abin da ya rage kawai kuɗin fasfo da biza da tikiti da rajista, kuma a hanzarta, don gurbi biyu ne kacal kuma akwai wani yaro da iyayensa ke riƙe da kuɗi a hannu.

Mahaifin Auta manomi ne, bai taɓa zama ya kalli wasa ko na minti biyar ba. Da daddare ya aika aka kira mu. Muka durƙusa a bakin tabarmarsa muka gaishe shi, ya ce, “Samari, ni ban san kan wannan harka ba, ku ne kuka sani. Wannan hanya, hanya ce?” Babban cikinmu ya ce, “Baba, ai hanya ce. Ahmed Musa ma yana yaro ƙarami aka ɗauke shi daga nan Kano aka kai shi Turai. Yau ga shi yana gina wa mutane masallatai da wuraren sana'a a bakin mutane.” Muka yi ta zuba, wannan ya kawo ƙwallon Ajantina, wancan ya kawo ta Aislan, wani ya kawo cibiyar wasannin da ya gina a Hotoro. Baba ya saurare mu har muka gaji, sannan ya ce, “To, Allah Ya sa alheri ne.” Juma'ar da ta biyo baya ya kora bijimansa biyu na huɗa zuwa karar Wudil, ya dawo da igiya a hannu.

Sauran labarin ba sabo ba ne, wataƙila a garinku ma an yi irinsa. An kai Auta Legas, aka ajiye shi a ɗaki ɗaya da wasu yara daga jihohi daban-daban, kowannensu da irin takardarsa mai tambari. Kullum gobe za a je ofishin jakadanci. A mako na uku mutumin ya fita da fasfunansu ya ce zai karɓo biza, daga nan wayarsa ba ta sake shiga ba. Mai masauki ya kore su. Wasu 'yan Arewa masu harkar dabbobi ne suka ji tausayin Auta, suka roƙa masa wani direban tirela da ya sauke shanu zai koma gida. A bayan wannan tirelar ya dawo, cikin warin kashin shanu, ta hanyar da wataƙila bijiman ubansa suka bi suka tafi.

Sai bayan da aikin gama ya gama ne muka zauna muka bi tarihin mutumin da muka kafa hujja da shi, daki-daki, ba daga ƙwallayen nan huɗu ba, daga tushe. Abin da muka tarar shi ne dalilin wannan rubutu.

An haifi Ahmed Musa a Jos ranar 14 ga Oktoban 1992. Ba daga filin unguwa aka tsince shi aka jefa a jirgi ba. Ya fara ne a makarantar horar da 'yan wasa ta GBS a Jos, daga nan aka ba da shi aro ga JUTH, ƙungiyar asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, ya buga gasar ƙasa. Sannan ya zo Kano Pillars a kakar 2009/2010. Pillars ɗin lokacin kuwa ba kanwar lasa ba ce. Ta ɗauki kofin gasar ƙasa a 2008, a 2009 kuma ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka bayan ta tsallake Al Ahly ta Masar. A cikin waɗannan manyan ne yaro ɗan shekara 17 ya ci ƙwallo 18 a kaka guda, adadin da babu wanda ya taɓa kaiwa a gasar a lokacin, sai a shekarar da ta biyo baya Jude Aneke na Kaduna United ya ci 20. Wato kafin wani Bature ya san da shi, duk wanda ke zuwa filin Sani Abacha a Ƙofar Mata ya san shi, kuma akwai alƙaluman da kowa zai iya dubawa.

Ga kuma wurin da ya fi ƙona mana rai. A tsakiyar 2010 ƙungiyar VVV-Venlo ta ƙasar Holan ta cimma yarjejeniyar ɗaukar sa, amma bai iya buga mata wasa ba sai da ya jira har watan Oktoba, lokacin da ya cika shekara 18. Dalili kuwa, dokar hukumar FIFA ta hana a sauya wa ɗan wasa sheƙa daga wata ƙasa zuwa wata kafin ya kai 18, in ban da wasu 'yan yanayi ƙalilan, kamar a ce iyayensa ne suka yi ƙaura saboda dalilin da bai shafi ƙwallo ba. A cikin wannan zaman jiran ne ma, a Satumban 2010, ya fara sanya rigar Super Eagles a wasa da Madagaska. Ku duba fa: wanda ya fi kowa cin ƙwallo a gasar Najeriya, wanda ya riga ya buga wa ƙasarsa, doka ba ta ɗaga masa ƙafa ba ko da na wata uku. Mu kuwa muka zauna gaban dattijo muka ce masa za a kai ɗan shekara 16 daga filin firamare zuwa kulob ɗin Turai, muka kuma kafa hujja da sunan mutumin da labarinsa ke ƙaryata mu. Amsar tambayar Baba tana cikin labarin da muke taƙamar mun haddace. Mun riƙe ƙwallayen, mun zubar da jiran.

Kuma ba a nan jiran ya ƙare ba. A lokacin Venlo ƙaramar ƙungiya ce mai fafutukar kada ta faɗa rukuni na ƙasa, ba irin waɗanda ake nunawa a gidan kallonmu ba. Daga can a Janairun 2012 ya koma CSKA ta Mosko, cikin sanyin da mu da muke kuka da hunturun Janairu ba za mu iya ko kwatanta shi ba. Shekara huɗu da rabi ya yi a can, ya ci kofin gasar Rasha sau uku, a 2013 da 2014 da 2016, da kofin ƙalubale na ƙasar a 2013. Ko wasa ɗaya daga cikin waɗannan ba mu tuna mun zauna mun kalla daga farko zuwa ƙarshe ba. A wurinmu kamar yana ɓacewa ne ya sake bayyana duk lokacin da Najeriya za ta buga, alhali can ɗin ne yake yin ainihin aikin, ranar Talata da safe, cikin dusar ƙanƙara, babu mai tafa masa.

A tsakanin nan ne ya ɗauki kofin Afirka da Najeriya a 2013 a Afirka ta Kudu, ƙarƙashin marigayi Stephen Keshi, har ya ci ƙwallo a wasan kusa da na ƙarshe da aka doke Mali 4 da 1. Wani abin lura da muka tsallake shi ne, ƙwallon da ta ba mu kofin a kan Burkina Faso, Sunday Mba ne ya ci ta, ɗan wasan da a lokacin a gasar cikin gida yake taka leda. Gasar da muke rainawa, wadda ba ma ko tambayar sakamakonta, ita ce ta haifi wanda ya ci wasan ƙarshe, ita ce kuma ta haifi Musan da muke yi wa kirari.

A Yulin 2016 Leicester City, wadda ta ba duniya mamaki ta ɗauki kofin Firimiyar Ingila a shekarar, ta saye shi a kan kuɗin da ba ta taɓa biya a kan wani ɗan wasa ba kafin nan. Ran nan a Darki kowa ya zama ɗan Leicester. Da ya zura wa Barcelona biyu a wasan share fage sai muka ce shi ke nan, an gama. Amma ƙwallo biyu kacal ya ci a gasar Firimiya, sai biyu a ragar Everton a kofin FA. Aka sallami Claudio Ranieri, kocin da ya kawo shi, a Fabrairun 2017, kuma a kakar da ta biyo baya da ƙyar ake ganin sa a fili. A gabansa akwai Jamie Vardy, wanda shi kansa sai da ya kai shekara 25 yana buga ƙananan gasannin Ingila kafin Leicester ta ɗauko shi daga Fleetwood a 2012. Mu da muka yi masa kirari, mu ne muka fara cewa ya ƙare.

Me ya yi? A Janairun 2018 ya yarda ya koma CSKA a matsayin aro, wato ya sauko daga gasar da duk duniya ke kallo ya koma inda zai samu buga wasa. Ko a wasan farko da Kuroshiya daga benci ya taso. Ƙafafun da suka bar 'yan Aislan a baya, watannin nan na komawa baya ne suka wasa su. Da ya ce girmansa ya wuce ya koma inda ya baro, da bencinanmu biyu suna nan lafiyarsu ƙalau.

Daga nan ya tafi Al-Nassr ta Saudiyya ya ci kofin gasarsu a 2019. Suka rabu a ƙarshen 2020, ya yi watanni ba shi da kulob, shi da yake kyaftin ɗin Najeriya. A Afrilun 2021 ya dawo Kano Pillars ya buga na ɗan lokaci, sannan ya wuce Turkiyya, Fatih Karagümrük da Sivasspor. Ya haura wasa 100 a rigar ƙasa, ya zarce Vincent Enyeama da Joseph Yobo. Ya ga tagulla a Masar a 2019, ya ga baƙin cikin da Ghana ta jefa mu a Abuja a 2022 da ta hana mu zuwa kofin duniya, ya kuma karɓi azurfa a Kwaddibuwa a farkon 2024 yana kallon gasar daga benci. Idan ka shimfiɗa wannan tafiya gaba ɗaya, za ka ga kulob shi ne gona, rigar ƙasa kuma ranar kasuwa ce. Mu 'yan kallo ranar kasuwa kawai muke zuwa, sai mu ɗauka buhunan daga sama suka faɗo.

Laifinmu na farko ke nan, kuma za mu iya cewa rashin sani ne. Na biyun ba shi da wannan uzuri.

Da Auta ya dawo, sati guda bai leƙo waje ba. Ranar da ya fito, yana wucewa ta gaban majalisa, sai ɗayanmu ya ce, “A'a, Ɗan Turai, an sauka lafiya?” Aka fashe da dariya. Ba za mu faɗi wanda ya furta ba, don dukkanmu mun yi dariyar. Sunan ya bi gari. Yara suka ɗauka, 'yan kasuwa suka ɗauka, har a fili idan ya taɓa ƙwallo sai ka ji an ce a ba Ɗan Turai hanya. Bai yi wata biyu ba ya rataye takalmansa. Yanzu da muke waiwaye mun gane abin da dariyar take yi mana: muddin shi ne abin dariya, babu mai tuna su wa suka durƙusa a gaban tabarmar Baba. Laifi tudu ne.

Kuma ba a kansa muka fara ba. Duk wanda ya kai shekarunmu ya san Sani Kaita. Haifaffen Kano ne, shi ma ta Pillars ya bi kafin ya tafi Sparta Rotterdam a Holan, daga baya Monaco ta saye shi. Yana cikin matasan da Samson Siasia ya kai wasan ƙarshe na kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 20 a 2005, yana kuma cikin waɗanda suka ciyo azurfa a gasar Olamfik ta Beijing a 2008. Amma ranar 17 ga Yunin 2010, a Bloemfontein, muna gaban Girka da ƙwallon Kalu Uche, sai a minti na 33 ya ɗaga ƙafa ya kai wa Vasilis Torosidis shuri a wajen layi. Alƙalin wasa ya ɗaga jan kati, ya fita ya lulluɓe kansa da riga, Girka ta ci mu 2 da 1. Har saƙonnin barazana ga rayuwarsa aka riƙa aika masa. A majalisarmu shekaru muka yi duk wanda ya yi wauta a fili sai mu ce ya yi Kaita. Daƙiƙa ɗaya ta cinye mana shekarun wahalarsa duka. Ma'auni ɗaya ne muka auna su biyun da shi, Musa da Kaita: wancan mun taƙaita shi a ƙwallo huɗu, wannan a shuri ɗaya. Da abin ya zo kan ƙaninmu, ma'aunin da muka iya ke nan, sai muka ɗora shi a kai. Da farko muka kira shi Musa, daga baya muka yi masa abin da muka yi wa Kaita, kuma a duka biyun ba shi muke kallo ba.

Daminar 2019, lokacin da ake gasar kofin Afirka a Masar, hanyar gidan kallo ta gefen gonar Baba take bi. Muna wucewa muna hango shi a sunkuye yana huɗa da garmar hannu, Auta na biye da shi. Bai taɓa ɗaga kai ya ce mana ku ne ba. Idan muka gaishe shi sai ya amsa da fara'a, har ya tambaye mu wa ke bugawa yau. Da ya zage mu da ya fi mana sauƙi.

A Oktoban 2024 muka ji Ahmed Musa ya sake dawowa Kano Pillars, kuma ranar Lahadi za su karɓi Sunshine Stars. Yayan Auta ne ya ce mu tafi da shi. Da farko ya ƙi, sai da aka haɗa shi da mahaifiyarsa. Muka cika mota daga Darki, muka tsallake gadar Wudil, muka shiga birni. Abin kunya, wasunmu ran nan ne suka fara shiga filin, su da suka san sunan kowane ɗan benci a Chelsea. Fili ya cika maƙil, ko ta ina sai “Sai Masu Gida!” Ga Rabi'u Ali, wanda ake kira Pele, ya haura shekara 40 yana nan yana rarraba ƙwallo a rigar da ya shafe mafi yawan rayuwarsa a cikinta. Musa ya ci biyu. Muna ta tsalle, amma Auta yana zaune ya zuba ido. Can ya taɓa yayansa ya ce, “Yaya, ka lura ba ya gudu kamar da? Jira yake yi. Sai ya ga inda za ta faɗo sannan ya tashi.”

A hanyar dawowa, mun wuce Gano kowa ya yi shiru, sai babban cikinmu, wanda ya ba Baba amsa a daren nan, ya juya ya ce, “Auta, ka yafe mana. Mu muka kai ka, mu kuma muka yi maka dariya.” Ya daɗe yana kallon taga kafin ya ce, “Yaya, kuɗin ba su ne suka fi yi mini ciwo ba. Sunan ne. Amma ya wuce.” Shekara shida muka ɗauka kafin mu furta jimlar da ba ta kai numfashi biyu ba.

Ba za mu ce muku Auta ya zama tauraro ba, bai zama ba. Yana sana'arsa a kasuwa, ya koma buga wasan unguwanni idan ya samu sarari, da yamma kuma yana tara ƙananan yara a filin firamare. Abu ɗaya muka ji yana maimaita musu: duk wanda ya ce ku kawo kuɗi zai kai ku Turai, ku tambaye shi wane kulob ne, shekarunku nawa, kuma me ya sa mai saye ne yake neman a biya shi. Shi kuwa Musa, a 2025 aka naɗa shi babban manajan Pillars, wato ya koma riƙe ƙofar da shi kansa ya shigo ta cikinta yana ɗan 17.

'Yan uwa marubuta, mun kawo wannan labari nan ne don mun ga irin halinmu a wannan fage namu ma. Muna ganin littafin wani ya fito ko an kira sunansa a gasa, sai mu haddace ranar, mu manta shekarun da ya yi yana yagar takarda. Muna kuma saurin ɗaga sabon marubuci sama da labari ɗaya, mu kayar da shi ƙasa da kuskure ɗaya. Idan kuma za mu rubuta rayuwar wani, ɗan ƙwallo ne ko malami ko maƙwabci, mu nemi shekarun da ba a tafa masa ba, domin a can gaskiyarsa take, kuma wata rana wani dattijo zai iya dogara da abin da muka faɗa ya kora dukiyarsa kasuwa.

Bayan dawowarmu daga Kano muka kafa adashe mu bakwai. Da ya zagayo, muka je karar Wudil muka sayo ɗan bijimi guda, muka ja shi har ƙofar gidan Baba. Ya fito ya zagaya shi, ya duba haƙoransa, ya shafa tozonsa, ya sa mana albarka. Sannan ya yi murmushi ya ce, “Samari, kun kyauta. Sai dai kun san guda ɗaya ba ya jan garma.”

Mun sani, Baba. Adashen yana nan yana zagayawa, saura ɗaya.

Allah Ya sa mu dace. Wanda aka yi irin wannan a garinsu, muna sauraro.